Idon Abarci

Duk wanda ya taɓa sayen raƙumi ko sa a kasuwar Dakoro ya san Abarci dillali. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don daga bakin kasuwa ake jiyo ta. Ga shi da ido kuma. Idan ya kafa wa mai saye shi, sai mutum ya ji kunyar tayin da ya yi, ya gyara da kansa. Jandarma ma ba sa sa shi ya sunkuyar da kai. A gaban surukarsa kaɗai aka taɓa ganin ya yi laushi, abokansa kuwa sun daɗe suna yi masa tsiya a kan haka.

Wata ranar kasuwa, yana riƙe da akalar raƙumi yana tsakiyar ciniki, sai magana ta karye masa a baki, ya zube ƙasa. Aka kai shi likita, daga nan aka wuce da shi Maradi. Da aka dawo da shi, jiki ne kawai a kan katifa. Hannu ba ya motsi, ƙafa ba ta motsi, bakin nan da ya addabi kasuwa ko tari ba ya iya yi sosai. Ta hanci ake ɗura masa kunu da tiyo. Idanunsa ne kaɗai suka rage, su ma kullum cikin ruwa suke, an ce ciwon ne ke sa haka. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, suka gaji. Suna zaune a kansa za su yi ta hirar yadda yake a da, kamar an riga an binne shi.

Inna Kyauta, mahaifiyar matarsa Adawiyya, ta bar gonarta a Korahane ta tare a gidan. A da, idan ta zo, ko tsakar gida ba sa haɗa hanya da shi. Yanzu kuwa ta ce kunya ta mai lafiya ce, wanda bai san inda kansa yake ba ai jariri ne. Ta kafa 'yar kujerarta a gefen gado, tana yi masa fifita, tana kore masa ƙuda, tana share masa ido. Tsakani da Allah take son surukin nan nata. Shi ya kai ta Maradi aka yi mata aikin ido, shi ya rufa mata asiri shekarar da gero ya ƙi, bai taɓa bari wani ya ji ba. Saboda haka da likita ta ce sai dai haƙuri, Inna ba ta haƙura ba. Ta aika aka kira Maraya wanzami.

Maraya ya iya lalas. Yakan sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ɗana a inda ciwo yake, raƙumi ne ko mutum, kuma akwai masu rantsuwa da hannunsa. Ya dubi Abarci ya ce jini ne ya kwanta, sai wuta za ta tashe shi. Ranar da ya ji zafi ya janye ƙafa, ranar ya warke. Da aka yi na farko bai janye ba, sai aka yi na biyu. Tun kafin damina ake yi, har aka yanke gero. Adawiyya ba ta iya tsayawa, da ta ga an shigo da kaskon wuta sai ta ja 'yarta Aziza su shiga maƙwabta. Inna ce ke zama daidai fuskarsa, ta zuba masa ido tana jiran alama. Kullum kuwa abu ɗaya take gani: idonsa a ƙasa, sai ruwan nan da ya saba zuba.

Adawiyya ita kaɗai ke cewa yana ji. Ta ce idan su biyu ne a ɗaki yana bin ta da kallo. Aka ce mata so ne, kowace mace haka za ta ce. Ba ta yi gardama ba, amma duk sanda ma'aikacin likita ya zo canja tiyo sai ta maimaita masa, har ya gaji ya ba da sunan Abarci ga wata ƙungiya a Maradi mai taimakon waɗanda jikinsu ya mutu.

Da haka Madam Aisata, ma'aikaciyar ƙungiyar, ta iso gidan wata rana da hantsi, da baƙar jaka a kafaɗa, direba yana jiran ta a ƙofa. Mace ce siririya mai saurin magana. Ta gaishe su, ta buɗe jaka, ta fito da allo irin na babbar waya da ƙarfen da ake kafa shi a kai. A ƙarƙashin allon akwai wani ɗan sanda baƙi. Ta ce a cikinsa akwai abin da ke kallon ƙwayar idon mutum. Haruffa za su fito a allo, wanda mutum ya tsayar wa ido shi zai rubutu, in kalma ta cika na'urar ta faɗe ta da murya.

“Ya yi lekol, ya iya boko?” ta tambaya.

“Ya yi kaɗan,” in ji Adawiyya. “Shi ka rubuta saƙo ga waya da kanshi.”

“To madalla. Amma in gaya maku gaskiya tun yanzu. Guda ɗaya ce gare mu, kuma mutane na jiran ta, akwai ma wata mara lahiya a Birnin Lalle. In ya iya, nan za ta kwana, tashi ce. In bai iya ba, da ita za ni koma, in rubuta cewa bai san abin da ake ba. Kuma in na rubuta haka, ba a sake aiko ni.”

Adawiyya ta dubi mijinta, ta dubi allon, ta ji kamar ta roƙe shi da baki.

Ɗakin yashi ne a ƙasa, irin ɗakunan unguwar. Aisata ta kafa ƙarfen a gefen gado, ƙafarsa ta nutse, allon ya karkace. Ta gyara, ya sake karkacewa. Inna ta miƙe tana gyara ɗaurin zane.

“Ba ni nan in riƙa, ɗiyata. Hannuna bai rawa.”

Ta zauna a bakin gado, ta rungumi allon a ƙirjinta yana fuskantar Abarci, fuskarta tana leƙowa ta samansa. Aisata ta ce haka ma ya fi. Ta sunkuya kusa da kunnensa ta yi masa bayani a hankali. Wani jan ɗigo zai fito, zai yi yawo a allo, shi dai ya bi shi da ido, da haka na'urar za ta san idonsa.

Ɗigon ya fito. Ya je sama, ya tsaya, ya gangara gefe. Idon Abarci yana ƙasa, yana kallon zanen da aka lulluɓe shi da shi.

“Malam Abarci, dibi nan. Nan, ga jan abu.”

Ko gezau.

Aisata ta leƙa fuskarsa ta yi tsaki. “Wa ya sa mishi tozali haka?”

“Ni,” in ji Inna. “Baƙi za su zo, a bar shi da ido hwari kamar mara gata?”

Aisata ta ce baƙin tozali yana rikita na'urar, ba ta gane inda ƙwayar ido take. Aka kawo ruwan ɗumi da auduga, Adawiyya ta wanke masa tas. Aka sake. Ɗigon ya yi yawonsa shi kaɗai. Aisata ta ce ko hasken taga ne, aka rataya zane a tagar da ke bayan kansa. Aka ƙara masa matashi. Ta kira sunansa da ƙarfi, ta kira a hankali, ta tafa hannu kusa da allon. Inna ma ta sa baki, tana girgiza allon kamar mai rarrashin yaro.

“Yaron nan, buɗe ido mana. Dibi abin da anka kawo maka.”

Sai ma ya ƙara runtsewa.

Haka aka kai azahar. Direba ya danna odar mota daga waje, ya sake yi, don yana son a kama hanyar Maradi da sauran rana. Aisata ta goge gumi ta zauna a kan dugaduganta. Ba muguwa ba ce, ta yi iya yinta, kuma ta sha ganin gidajen da so ke sa mutane su ga abin da babu.

“Ku yi hanƙuri,” ta ce.

Adawiyya ta durƙusa. “Madam, don Allah. Wallahi shina kallona. Da sahen nan ma ya kalle ni.”

“Na ji ki, 'yar'uwa. Amma na'ura ba ta gani ba, ni ma ban gani ba.”

Ta karɓi allon daga hannun Inna ta fara naɗe waya. Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta ce dama ita ba ta sa rai ba, abin Nasara bai san ciwonmu ba, an jima kaɗan Maraya zai zo a ci gaba da abin da aka sani. Aisata ba ta tambayi waye Maraya ba. Ta zuge jaka, ta rataya, ta rusuna wa tsohuwar.

“Inna, Allah shi ba ɗanki lahiya. Ba kowace uwa ka yin abin da kike yi ba.”

“Amin, ɗiyata. Ɗana ne kam, amma ba ni na haihe shi ba. Ɗiyata shi ka aure.”

Aisata ta tsaya cak da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Ta waiwayo.

“Surukarshi ce ke?”

“Ƙwarai.”

“La'ilaha illallahu.” Ta dubi gadon, ta dubi inda Inna ta zauna tun hantsi, da allon a ƙirjinta da fuskarta a samansa. Sannan ta dubi Adawiyya. “Kin ce shina kallonki. In ku biyu ne, ko ko da Inna tana nan?”

Duk watannin nan Adawiyya ba ta taɓa haɗa abin ba, kuma ba wanda ya haɗa. Sun saba ganin Abarci da ido a ƙasa a gaban Inna tun ranar da ya fara zuwa gaisuwa Korahane, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya tsuguna yana wasa da yashi. Da ya kwanta kuwa, sai aka ɗauka ciwo ne. Wa zai nemi kunya a wurin wanda aka ce ba ya nan?

Yanzu kuma wa zai ce wa Inna ta fita? Adawiyya ba ta iya ba. Aisata ce ta yi dabara, ta ce za ta gwada sau ɗaya na ƙarshe, amma na'urar ba ta son mutane da yawa a ɗaki. Inna ta taɓe baki.

“Ku yi ta yi. Ni bari in hura wuta, kada bawan Allah shi zo shi jira.”

Ta fita. Aisata ta jawo turmi daga bakin ƙofa, ta kife shi a gefen gado, ta sa ƙafar ƙarfen a kai ta danne da dutsen niƙa. Ta fito da allon ta kunna.

“Malam Abarci, Inna ta hita. Mu kaɗai ne.”

Idon nan ya ɗago. Ba a hankali ba, tashi ɗaya, ya sauka a kan Aisata, irin kallon da yake yi wa mai taya raƙumi da wulaƙanci. Sai da ta ja baya. Jan ɗigo ya fito, ya bi shi sama, ya bi shi ƙasa, ya bi shi kusurwa, bai kuskure ko ɗaya ba. Haruffa suka cika allo.

“Rubuta mini sunanka,” in ji Aisata, muryarta ta canja.

Abin ba sauri gare shi ba. Sai ya tsayar da ido a kan harafi, harafin ya yi haske, sannan ya koma sama ya zauna. Ya yi kuskure a na uku, Aisata ta nuna masa inda ake gogewa, ya goge ya gyara. Da ya gama, na'urar ta yi magana da wata muryar mace wadda kamar a bakin Bafaranshe ta koyi Hausa.

“Abarci.”

Adawiyya ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta sha rantsuwa cewa yana ji, amma da abin ya tabbata sai tsoro ya kama ta, ta zauna a kan yashi. Duk abin da aka faɗa a ɗakin nan ya dawo mata. Ga masu cewa gara Allah ya ɗauke shi ya huta, ga ƙanensa da ya tsaya a nan yana tambayar wa za a ba wa babur.

“Baban Aziza,” ta ce, “kana jin mu? Tun can?”

“I,” in ji na'urar.

Aisata ta sauke jakarta daga kafaɗa ta jefa a kusurwa. Ta leƙa ƙofa ta ce wa direba ya kashe mota, na'ura ta sami gida. Ta dawo tana dariya tana share hawaye, ta ce bari ta yi tambayar da ake fara yi wa kowa.

“Akwai inda ka yi maka ciwo?”

Idonsa ya koma kan allo. Wannan karon da gaggawa yake, har yana tsallake harafi yana dawowa.

“Wuta.”

“Wuta? Zazzaɓi kake ji?”

“Ƙafa.”

Aisata ta ɗaga zanen da ke ƙafafunsa. Ta saki salati da ƙarfi, ta saki zanen. Daga gwiwa zuwa idon sawu tabon ƙarfe ne a jere, wasu sun warke sun yi baƙi, wasu ɗanye, an shafa masu man shanu.

“Mi ne ne wanga? Wa ya yi mishi haka?”

“Lalas ne,” in ji Adawiyya da ƙyar. “An ce bai ji. An ce ran da ya ji, ya warke.”

“Bai ji? Ciwon ga motsi shi ka kashewa, ba ji ba! Ko ƙuda ya sauka mishi shina ji!”

Adawiyya ta rarrafa zuwa gadon ta kama ƙarfensa. Ba ta son ta tambaya, amma bakinta ya riga ta.

“Tun yaushe?”

“Ran farko,” in ji muryar, ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba. Haruffa suka ci gaba da taruwa. “Ina ji. Duka.”

Sai ga wani sauti daga bayan zanen da aka rataya a taga, fat, fat, fat. Su biyun sun ji shi tun ɗazu, ba su kula ba. Faifai ne. A gindin tagar nan Inna ta saba hura gawayi, saboda inuwar bango.

Abarci ba ya ganin tagar, a bayan kansa take. Idonsa yana kan allo yana aiki. Adawiyya ba ta iya karatun boko ba, amma Aisata ta ga abin da ke fitowa, ta kai hannu za ta rage murya. Ba ta kai ba.

“Kada Inna ta ji.”

Faifan ya tsaya.

A daidai lokacin aka yi sallama daga ƙofar gida, murya a sake, ta mutumin da ya saba da gidan.

“Salamu alaikum! Inna, ƙarhen ya yi ja, ko in jira?”

Maraya ne. Sai aka ji ƙarar ruwa a kan garwashi, buta guda cur, tururi da toka suka turo zanen tagar suka shigo ɗaki. Aka ji takun Inna a hankali, kamar na wadda ta ɗauko kaya mai nauyi, har ya zo bakin ƙofa. Ba ta shigo ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta tsuguna a gefen ƙofar ta juya wa ɗakin baya, yadda take yi a da idan surukinta yana ciki. Tsohuwar da ta shiga ɗakin nan ta fita ba adadi, yanzu ko inuwarta ba ta son ta faɗa ciki.

“Adawiyya,” ta ce, muryarta ba ta fita sosai. “Tambaye shi. Idonshi ni ka kallo, kullum, ina jiran alama. Sau guda da ya dube ni, wallahi da na hana. Don mi bai dube ni ba?”

Adawiyya ba ta maimaita ba, ai ya ji. Ruwa yana gangarowa daga idonsa zuwa kunne, Aisata ta share masa don na'urar ta ga ƙwayar. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya sauko da ido kan allo, ya fara, harafi bayan harafi, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

“Inna, ina wuni.”

Inna Kyauta ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, yadda ta saba amsa masa daga bayan zana shekara da shekaru. Amsar ta ƙi fita. Ta kifa goshinta a bango ta fashe da kuka.